Fawa-bank mai “daskararren batir”: wata bakwai da shi, daga hunturu zuwa bazara

Tsoro ne ya kai ni kasuwar waya ta Farm Centre ran nan, ba sha'awar sabon kaya ba. Da safe uwargida tana kakkaɓe shimfiɗar babbar 'yarmu, ta ɗaga filo, sai ga fawa-bank ɗin yarinyar ya kumbura kamar fanke. Murfin robar ya ɗage ta gefe guda, yana fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na man goge farce. Shekara goma sha shida ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, na san warin nan: ruwan cikin batirin ne ya fara lalacewa yana zama iska. Kuma a ƙarƙashin kan yarinyar abin ya kwana, jone da waya, a kan katifar soso. Na ɗauke shi da filaya, na saka a tsohon gwangwanin madara, na cika da yashi, na kai can ƙarshen tsakar gida. Ranar ban iya karyawa ba.

Yaron shagon da na shiga, ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba, yana jin labarina ya sunkuya ƙasan kanta ya ɗauko wani kwali fari.

“Malam, ai maganin damuwarka ya zo. Wannan babu ruwa a cikinsa ko ɗigo. Ko a wuta ka jefa shi ba ya tashi.”

Ya buɗe mini bidiyo a wayarsa: wani yana kafa wa batir ƙusa da guduma, yana yanka shi da almakashi, ƙwan fitilar da aka jona yana ci gaba da haske. Na ce nawa? Ya ce dubu hamsin da biyar. Muka yi ta ja har ya sallama a Naira 48,000, alhali irinsa na gama-gari mai 10,000 mAh a shagon bai kai rabin haka ba. Na tambayi takardar garanti, ya ce, “Malam, ni ne garantin.” Na biya, amma wannan amsar ba ta kwanta mini ba, har gobe.

A adaidaita sahu na buɗe kwalin. A gaba an rubuta da manyan baƙaƙe da Turanci cewa batirin daskararre ne. A takardar ciki kuwa, da rubutun da sai na sa tabarau, an ce rabi-daskararre ne: haɗin folima da garin tangaran, da ɗan ruwa kaɗan. Ke nan maganar yaron ta farko ta faɗi tun kafin mu kai Gadar Lado. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ke bayan kwali ya karanta. Amma tsakanin “daskararre” da “rabi-daskararre” akwai tafiya mai nisa, kuma wanda zai fitar da kuɗinsa ya kamata ya san ta.

Kowa ya san ruwan batirin mota. Batirin waya ma yana da nasa ruwan, sai dai ba asid ba ne. Gishirin litiyam ne aka narkar a cikin wasu sinadarai masu kama wuta kamar fetur. Aikinsa shi ne zama hanya: ƙwayoyin litiyam masu caji suna bi ta cikinsa daga ɓangaren nagatif zuwa fozitif idan ana amfani da batir, su dawo idan ana caji. A tsakiya akwai wani shamaki na leda, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, shi ke hana ɓangarorin biyu haɗuwa. Idan shamakin ya huje ko zafi ya narkar da shi, wuta ta haɗu, ruwan ya tafasa, ya zama iska, ya kama. Abin da ya sa Samsung ta janye Galaxy Note 7 a 2016 ke nan. (A nan in ja hankalin masu sola: batirin da muke kira “diray sel” ba shi ne wannan ba. Wancan na dalma ne da asid, an dai toshe shi ne.)

To, me zai hana a cire ruwan a sa abu mai tauri wanda litiyam zai iya ratsawa? Wannan tambayar ta fi shekara hamsin ana fama da ita, kuma hanyoyi biyu aka bi.

Ta farko ita ce folima, wato dangin roba. A 1973 Peter Wright da abokan aikinsa a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka gano cewa wata folima da ake kira PEO tana narkar da gishirin ƙarafa irin su sodiyam da fotasiyam ba tare da ruwa ba. A 1978 Bafaranshe Michel Armand ya ce ai wannan za a iya yin batir da shi. Folima tana da daɗin aiki: tana lanƙwasa, ana murza ta ta yi siriri kamar leda, tana manne wa duk abin da aka ɗora ta a kai. Matsalarta ɗaya ce, amma babba. A yanayin ɗaki, sarƙoƙinta suna jeruwa su ƙame, litiyam ya rasa hanya. Tafiyarsa a ciki ta gaza ta cikin ruwa fiye da sau dubu. Sai an ɗumama ta ta haura digiri 60 sannan ta saki jiki. Kamfanin Bolloré na Faransa ya yi motoci da irin wannan batir, waɗanda aka fara bayar da haya a titunan Paris a 2011 da sunan Autolib'. Batirin yana aiki ne tsakanin digiri 60 zuwa 80, don haka ko motar tana ajiye sai an bar ta jone da wuta don kada ya huce.

Ta biyu ita ce tangaran, wato sinadaran da ake gasawa su yi tauri kamar kofin shayi mai fashewa. A 2007, a birnin Kiel na Jamus, Ramaswamy Murugan da Venkataraman Thangadurai da Werner Weppner suka fitar da wani da ake kira LLZO, haɗin litiyam da lantanam da zakoniyam da oksijin. Ba ya ci da wuta, kuma yana jure zama kusa da tsantsar ƙarfen litiyam. A 2011 kuma Ryoji Kanno da ayarinsa a Tokyo, tare da masu binciken Toyota, suka fito da wani mai farar wuta a ciki, wanda litiyam ke gudu a cikinsa kamar yadda yake gudu a ruwa. Sai dai kowanne da nasa hali. LLZO sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, yana fashewa idan an yi shi siriri, kuma idan ya sha iska fuskarsa tana yin wani farin datti da ke toshe hanya. Mai farar wutan kuwa, da ya ji danshi sai ya saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce.

Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan, wadda nake nuna wa ɗalibaina da tayil biyu. In ka haɗa fuskokin tayil biyu, a ido sun haɗu, amma a zahiri 'yan wurare ƙalilan ne suke taɓa juna. Zuba ruwa a tsakani, ko'ina ya jiƙe. Haka abin yake a batir. Ruwa yana shiga kowane lungu na garin da aka yi ɓangarorin batir da shi. Tangaran ba ya shiga. Ga shi kuma ɓangarorin suna kumbura suna saɓewa a kowane caji, yau da gobe sai tazara ta buɗe.

Daga nan dabarar gauraya ta fito, kuma ita ce abin da takardar fawa-bank ɗina ke nufi. Maginin gargajiya ya san laka kaɗai tana tsagewa, ciyawa kaɗai ba ta tsayawa, amma in an cuɗa su sun kwana, sai a yi katangar da za ta ga jikoki. Nan ma haka: a zuba garin tangaran mai laushi a cikin folima. Folima ta ba da lanƙwasa da mannewa, tangaran ya ba da ƙarfi da jure zafi. Tun 1982 Weston da Steele a Landan suka zuba garin alumina a PEO suka ga ta ƙara ƙwari. A 1998 ayarin Bruno Scrosati a Roma suka nuna cewa in garin ya yi laushi matuƙa, ba ƙwari kaɗai yake ƙarawa ba, har tafiyar litiyam yana sauƙaƙawa, saboda ƙwayoyin suna hana sarƙoƙin folimar jeruwa su ƙame. Daga baya aka koma zuba garin da shi kansa yake wuce da litiyam, irin su LLZO. Wurin da ya fi burge ni shi ne cewa sau da yawa litiyam ba ta tsakiyar ƙwayar yake bi ba, ta gefenta yake bi, daidai inda tangaran da folima suka haɗu. Shi ya sa gwargwado yake da muhimmanci: gari ya yi kaɗan, hanyoyin ba su sadu ba, ya yi yawa, ya dunƙule kamar kunun da ba a dama da kyau ba, ledar ta yi ta karyewa.

Duk da wannan, a yanayin ɗaki haɗin bai kamo ruwa ba tukuna. Sai masu masana'anta suka ce to a bar ɗan ruwa ya jiƙa mahaɗar. Wannan shi ne rabi-daskararre. Irinsa ne kamfanin WeLion ya yi wa motocin NIO na Sin, wanda shugaban NIO, William Li, ya tuƙa kilomita 1,044 da caji ɗaya a Disambar 2023. Cikakken daskararren kuwa, Toyota ta ce sai 2027 zuwa 2028 za ta sa shi a mota. In Toyota da duk dukiyarta tana jira, ba a kantar Farm Centre za a fara samunsa a dubu arba'in da takwas ba.

Yanzu ga abin da na gani da idona.

Ina da ɗan ma'aunin da ake sawa tsakanin fawa-bank da waya, yana ƙirga wutar da ta wuce. Lissafin mai sauƙi ne, kuma ina so masu saye su riƙe shi. Wancan 10,000 mAh na jikin kwali a kan bolt 3.7 na batirin ciki aka auna shi, wato wat-awa 37. Amma ta bakin USB bolt 5 yake fitarwa, kuma wajen ɗagawar ana asarar wani abu a zafi. A makon farko na cika shi, na zuƙe shi tas sau uku, na samu wat-awa 31 da ɗan ɗoriya. Wannan adadi ne mai kyau, ba a yi mini ƙarya ba. Yana cika wayata mai 5,000 mAh sau ɗaya da rabi da 'yan kai. Makon jiya na sake aunawa bayan wata bakwai ana cajinsa kusan kullum, na samu 30. Tsohon da ya kumbura, tun yana wata huɗu ya fara gazawa.

Nauyinsa gram 205 a sikelin ɗakin gwaje-gwajenmu, kusan daidai da na gama-gari. Wannan ya isa ya gaya maka cewa ba ƙarin ƙarfi ka saya ba. Babban burin masu binciken nan shi ne a yi ɓangaren nagatif da tsantsar ƙarfen litiyam, domin gram ɗaya nasa yana ɗaukar 3,860 mAh, girafait (baƙin abin cikin fensir) da ake amfani da shi yanzu kuwa 372 kacal. Abin da ya hana shi ne litiyam idan ana caji ba ya kwanciya sumul, yana tsiro da wasu ƙayoyi sirara da ke huda shamaki. Ana fatan gaurayen tangaran da folima ya tare su, ko da yake an ga suna bin tsagar tangaran ma su wuce. Nawa dai takardarsa ta ce girafait ne da ɗan silikon. Ba laifi ba ne, amma ba shi ne batirin da jaridu ke yi wa kirari ba.

Duk shekara ina nuna wa 'yan aji biyar abin da ya sa ake tsoron waɗannan ƙarafa. In ciro sodiyam daga kwalbar kananzir, in yanki kamar ƙwayar gero da wuƙa, don laushinsa kamar sabulu, in jefa a kwanon ruwa. Ya dunƙule ya yi ta zagaye yana huci, yara su ja da baya suna salati. Bana da na yi, na ɗaga fawa-bank ɗin na ce musu ɗan'uwan wannan ƙarfen ake so a zaunar lafiya a aljihun mutum. Wata yarinya a layin gaba ta ce, “Malam, to me ya sa ba za a yi da sodiyam ɗin ba, tunda ka ce yana cikin gishiri?” Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Yana cikin gishirin Bilma, yana cikin kanwar da ake sa wa miyar kuka, ba ya ƙarewa a teku. Kuma an daɗe da sanin tangaran da ke wuce da shi: masu binciken Ford sun bayyana beta-alumina a 1967, John Goodenough da Henry Hong suka fitar da NASICON a 1976, wanda yanzu ake niƙawa ana zubawa a folima kamar yadda ake yi da LLZO. Sodiyam ya fi litiyam nauyi, bai kai shi ƙarfi ba, don haka bai dace da waya ba. Amma batirin sola da ke zaune a lungun ɗaki, wa ya damu da nauyinsa? In akwai wanda nake jira da gaske, shi ne wannan.

Batun zafi shi ne abin da na saye shi dominsa. A watan Afrilu, wata ranar da ma'aunin ofishin malamai ya nuna 41, na jona wayata da igiya na auna bayansa da ma'aunin zafi mai haske: 45. Na wani abokin aikina, na gama-gari, 47. Bambancin ba wani abin kirki ba ne, kuma ban yi mamaki ba, domin yawancin zafin da hannu ke ji daga allon lantarkin ciki yake fitowa, ba daga batirin ba. Inda na ga bambanci shi ne har yau bai kumbura ba ko kaɗan. Duk ƙarshen wata ina kwantar da shi a kan gilashin tebur in danna kusurwoyinsa in ga ko zai yi rawa. Shiru, a kwance yake daram. Ya sha bazarar Kano guda cur, har da ranar da na manta shi a jakar babur daga azahar zuwa la'asar, wanda kuskure ne da bai kamata a yi da kowane batir ba.

Hunturu kuma ya tabbatar mini da maganar ƙaramin rubutu. Da asubahin Janairu, ana digiri 13, ya yi aiki kamar kullum. Da tsantsar folima ce a ciki da ko fitilarsa ba za ta kawo ba.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba: cajin da yake yi ta baya ba tare da igiya ba ɓarnar wuta ne, ya kai digiri 51 a gwajina, wayar ma ta yi zafi har ta rage haske, na daina amfani da shi. Bakin caji ɗaya ne tak, in kana cika shi ba ka cajin waya da igiya. Igiyar da ta zo a kwali ta mutu a wata na biyu. Fitilu huɗu ne ke nuna abin da ya rage, ba lamba ba, kuma ta ƙarshen tana mutuwa da wuri. A wannan kuɗin ya kamata a ce an yi abin da ya fi haka.

Maganar “ko a wuta ka jefa shi” kuwa ita ce ta fi damuna, don tana iya sa mutum sakaci. Rage ruwa yana rage abin da zai ci wuta, kuma garin tangaran yana hana shamaki tsukewa idan ya ji zafi. Wannan gaskiya ne, shi ya sa gwajin ƙusa yake yin kyau a bidiyo. Amma wat-awa 37 ɗin nan suna nan a ciki, in suka fita lokaci guda zafi ne, kuma ɓangaren fozitif da kansa yana iya sakin oksijin in ya yi zafi sosai. A Afrilun 2022 motocin bas biyu masu batirin folima na Bolloré sun kama wuta a Paris, hukumar sufurin birnin ta janye 149 daga titi. Waɗannan babu ruwa a cikinsu. Don Allah kada wani ya kwaikwayi bidiyon ƙusa a gida.

Masu zuwa Umara su lura, kamfanonin jiragen sama ba su ware shi daga sauran ba. A jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin da za a auna ba, kuma iyakar da aka saba ita ce wat-awa 100. Tun bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025 aka ƙara tsanantawa. Emirates ta hana amfani da fawa-bank a cikin jirgi tun 1 ga Oktoban 2025.

Wa ya dace ya saya? In fawa-bank ɗinka yana kwana a ɗakin yara, ko kana yini da shi a rana, ko za ka bai wa ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta inda ba mai sa ido, ina ganin ƙarin kuɗin ya biya kansa. In kuwa ƙarfi kake nema, da kuɗin nan za ka sayi mai 20,000 mAh na kamfanin kirki, har da canji. Kuma kafin ka biya, ka ce a buɗe maka kwali ka karanta takardar ciki.

Makon da ya wuce na koma shagon, don babbar 'yarmu ta samu gurbin karatu a Zariya. Yaron ya gane ni. Na ciro takardar na nuna masa layin da yatsa, na karanta masa, na fassara.

“Wallahi Malam ban taɓa dubawa ba. To me zan riƙa ce wa mutane?”

Na ce ka ce musu ruwansa kaɗan ne, ya fi wuyar kamawa, amma kada a kwana da shi a katifa. Ya maimaita sau biyu don ya riƙe. Fawa-bank na biyun da na saya wa yarinyar ya ba ni a 44,000, ya ƙara mini igiya mai kyau, kuma wannan karon na sa ya rubuta mini rasit da lambar kayan da kwanan wata. Na haɗa wa yarinyar da ɗan farantin tangaran daga kabad ɗin mahaifiyarta, na ce a kansa za ta riƙa cajinsa, a ƙasa, nesa da labule.